Hutun 'Yan Aji Shida da Fensirin Mai Zane

Idan yaro ya kammala aji shida na firamare, akwai dogon hutu daga ƙarshen Yuli zuwa Satumba kafin ya shiga ƙaramar sakandare, kuma abin da akasarinmu iyaye a nan Jos muka saba yi shi ne mu tura shi lesin, ya koma kan lissafin da ya gama haddacewa domin jarrabawa. Ra'ayina shi ne a ware ko da mako biyu ne a cikin wannan hutu a haɗa yaran da mai zane na gaske, wanda da zanen yake ci yake sha, ya zauna da su a kan tabarma ɗaya.

Bara wani matashi da ya karanci zane a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ya tara yara a zauren wani gida a Unguwar Rogo, har da 'yar ƙanwata. Ranar farko butar alwala ya ajiye a tsakiyarsu, ya ce kowa ya zana. Yarinyar nan ta sunkuyar da kai, cikin minti biyu ta gama, ba ta ko ɗaga ido ta dubi butar ba, domin butar da ke cikin kanta ta zana, irin wadda aka saba kwafa daga allo. Bai ce mata ta yi kuskure ba. Ya dai tambaye ta: "Bakin butar nan ya kai tsayin murfinta, ko yana ƙasa da shi?" Sai ta yi shiru, ta duba, ta ɗauki abin gogewa. Ya hana ta gogewa, ya ce ta ja sabon layi kusa da tsohon don ta ga tazarar da ke tsakaninsu. A kwana na huɗu sai ga ta tana ƙanƙance ido, tana auna inuwar hannun butar da tsinin fensir.

Wannan ne malamin aji ba zai iya bayarwa ba, kuma ba laifinsa ba ne, domin mutum ɗaya ne ke riƙe da darussa da yawa da aji cike maƙil, ga shi shi kansa ba a taɓa koya masa zanen ba. Ladi Kwali, wadda hotonta ke bayan takardar naira 20, a gefen 'yar uwar iyayenta ta koyi ginin tukwane da yi musu zane tun tana ƙarama, tun kafin ta shiga cibiyar koyar da ginin tukwane ta Bature Michael Cardew a tsohuwar Abuja, wato Suleja ta yanzu, a 1954. Hannu daga hannu yake koyo.

Na san wasu iyaye suna ƙyamar abin saboda batun zana mai rai, kuma damuwarsu abar girmamawa ce. Amma mai dagi a bangon gidansa da aska takwas a ƙirjin rigarsa bai rasa abin da ɗansa zai zana ba. Ga duwatsun Shere, ga ganyen mangwaro, ga kuma gine-ginen gargajiya da ke kusa da gidan tarihi na Jos, wanda aka buɗe a 1952, inda aka kwaikwayi ganuwar Kano da masallacin Juma'a na Zariya. Yaro zai iya yini guda yana bin bakan gizon wannan masallaci, wato lanƙwasassun ginshiƙan da ke riƙe da rufinsa, da fensir.

Masu cewa wasa ne su tuna cewa yaron nan zai tarar da zanen fasaha a ƙaramar sakandare, daga baya kuma a jarrabawar WAEC za a ajiye masa ganye ko ƙwaro a ce ya zana abin da ya gani. Kuɗin ma ba wani mai yawa ba ne: fensir 2B, takarda, da gawayi daga murhu. Abin da ya kamata mu ɗauka da muhimmanci shi ne haƙƙin mai zanen, don mun faye son a yi mana aikin hannu kyauta a ce don Allah. Idan iyaye 15 a layi ɗaya suka yi karo-karo, za su biya shi ladan mako biyu ba tare da kowa ya ji a jikinsa ba, sai a nemi aron aji guda a Islamiyyar unguwa da hantsi, kafin 'yan yamma su iso.