Ƙamus ɗin da ya girmi kakana

Auta ce ta jawo mini duk wannan. Tana aji uku a JHS, wato ƙaramar sakandare, jarrabawar fita ta BECE na ƙaratowa, kullum bayan sallar isha'i sai ta zo ta tsaya a kaina da littafi: "Baba, mece ce ma'anar wannan?" Ni kuwa tela ne a unguwar Aboabo da ke Kumasi, a Ghana. Turancina na cinikin yadi ne a kasuwar Kejetia, shi ma rabinsa Tonanci ne. Sai in miƙa mata waya ta duba. Daga duba kalma ɗaya, in na karɓi wayata sai in tarar data ta ƙare ƙaf, ita kuma ta san kayan da amarya ta sa a bikin mutanen da ba mu haɗa komai da su ba.

To akwai wata tsohuwar laftof da na saya a hannu a Adum. Windows 7 ke kanta, wanda aka daina yi wa gyara tun Janairun 2020. Ɗan yayata da ke karatu a jami'ar KNUST ya share shi ya sa mata Ubuntu, ɗaya daga cikin 'ya'yan Linux. Har da huɗuba ya yi mini: wai wani ɗalibi ɗan ƙasar Finland, Linus Torvalds, ya aza tubalin abin a 1991, wai kowa na iya buɗe cikinsa ya gyara, wai kyauta ne. Ni dai "kyauta" ɗin nan kaɗai na riƙe. Na ƙudura zan zuba ƙamus a cikin laftof ɗin, wanda ba ruwansa da intanet, yarinya ta yi karatu, wayata ta huta.

A shago na fara, da intanet ɗin wayata. Na leƙa rumbun manhajoji, na ga wata mai hoton littafi, na sauko da ita. Na gwada kalma uku, ta amsa duka. Da dare na tara iyali a tsakar gida, na buɗe laftof kamar mai buɗe lefe, na ce wa Auta ta kawo kalmar da ta fi ƙarfin malaminsu. Ta kawo, na buga. Shiru. Na sake bugawa. Uwargida ta ce, "Ko shi ma bai sani ba ne?"

Na kira ɗan yayar tawa. Ya yi dariya har da tari.

"Kawu, ai wannan ɗan aike ka ɗauko. Ba ko kalma ɗaya a cikinsa. In ka tambaye shi, gudu yake yi ya tambayo wata babbar kwamfuta a intanet ya kawo maka amsa. Ka rufe masa hanya, ina zai je?"

Ya ce in sauko da GoldenDict. Ya sa na buɗe wata baƙar taga da ba komai a cikinta sai ɗan layi yana ƙiftawa, ya yi mini shifta harafi harafi: sudo apt install goldendict. Taga ta nemi kalmar sirri. Na buga, ban ga komai ba. Ko ɗigo, ko tauraro. Na danna da ƙarfi, na busa tsakanin maɓallan, na kifa laftof ɗin na girgiza, ɓawon gyaɗa da guntun zare suka zubo, amma rubutu bai fito ba. Washegari na rufe shago na tafi Adum wurin mai gyara. Ya saurare ni da kyau, ya ce in buga kalmar a haka in danna Enter. Nan take abu ya kama aiki. Ashe da gangan ake ɓoye ta, don kada na bayanka ya ƙirga yawan haruffan. Bai taɓa ko sukurudireba ba, amma kuɗin dubawa sai da ya karɓa.

Manhajar ma ba ita kaɗai ta zo ba. Kamar amarya, sai da ta taho da dangi: wannan ba ya zama sai da wancan, wancan kuma ƙanensa na biye. Duk a wuyan datata suka sauka.

Da aka gama na buɗe ta. Fes, ga wurin rubutu, ga madannai, kyakkyawa da ita. Na katse intanet na buga kalma. Wayam.

"Kawu, keken ɗinki ka saya. Yadi fa?"

A nan ne kan zaren ya fito mini. Manhaja daban, ƙamus daban. Ita karatu kawai ta iya, sai ka kawo mata littafin, ka danna F3 ka nuna mata inda ka ajiye shi. Da tun farko da yaren teloli ya yi mini bayani, da ban je Adum ba.

Ranar Asabar na hau trotro, motar haya, zuwa Tech Junction wurin yaron da filashi a aljihu. Ya zuba mini ƙamus irin na StarDict, na sai masa waakye, wato shinkafa da waken nan namu da Tonawa suka karɓe har da sunan, na dawo. A gida na ga fayil uku: ɗaya ƙato mai wutsiyar dict, biyu ƙanana, ifo da idx. Ni mutum ne mai son tsafta, guntun ƙyalle ba ya kwana a shagona. Na share ƙananan, na bi su har kwandon shara na zazzage. Ashe duwatsun murhu ne: ɗaya na ɗauke da sunan ƙamus da yawan kalmominsa, ɗaya na nuna inda kowace kalma take kwance a cikin babban. Asabar ta gaba na sake hawa trotro. Wannan karon waakye har da ƙwai da wele, wato ganda, ya sa aka zuba masa.

Sai ga shi abu ya yi. Ba intanet, ba data, ka buga kalma ta fito da dogon bayani. Na yi kwana uku ina tafiya a unguwa kamar na dawo daga Makka.

Rana ta huɗu Auta ta dawo daga makaranta fuska a murtuke. An ba su kalmomi su nemo ma'ana, ciki har da "broadcast". Ta rubuta abin da ƙamus ɗinmu ya ce: watsa iri a gona da hannu. 'Yan aji suka yi ta dariya, malamin ya tambaye ta ko a gidan rediyo masara ake shukawa. Na fusata na buɗe laftof in kama malami da kuskure. Gaskiyar yarinya ce, haka aka rubuta. Na buga "mouse", aka ba ni ɓera. Na buga "internet", babu. Na buga "computer", sai ƙamus ya ce: mutum mai yin lissafi.

Na duba sunan fayil ɗin da kyau, sai na ga 1913. Ƙamus ɗin Webster ne na wannan shekarar, haƙƙin mallakarsa ya daɗe da faɗuwa, shi ya sa ake rabonsa kamar sadakar Juma'a. Lokacin da aka buga shi Gold Coast ake ce wa ƙasar nan, saura shekara 44 a samu 'yancin kai. Amma fa har yau ina nan a kan cewa tsohon bai yi ƙarya ba. Mu ma da Hausa watsa iri muke cewa, watsa labarai muke cewa, kalma ɗaya ce. Na ce wa Auta ta je ta faɗa wa malamin haka. Ta ce in je da kaina.

Yaron ya zo gida da ƙafarsa, ina jin uwarsa ce ta yi masa magana. Ya sa mana Artha, wadda ke aiki da WordNet, rumbun kalmomin Turanci na Jami'ar Princeton a Amurka, kuma a cikin laftof ɗin kalmomin suke zaune. Ka shafa kalma, ka danna Ctrl da Alt da W, ma'ana ta fito har da 'yan'uwanta. Minti goma bai cika ba ya gama. Na tambaye shi me ya hana shi yin haka tun ranar farko. Ya ce, "Kawu, ai ba ka ce na zamani kake so ba."

Da daddare uwargida ta zauna da biro da bayan kwalin sabulu. Data sau huɗu. Trotro zuwa Adum da dawowa. Tech Junction sau biyu. Kuɗin dubawa. Waakye biyu, ɗaya da ƙwai da wele. Rabin yini uku shago a rufe, ga ɗinkin suna na jira. Ta ja layi ta tara, ta ce kuɗin sun isa sayen ƙamus na takarda guda biyu a Kejetia, har a rage na koko da ƙosai.

Na juya laftof ɗin na nuna mata ma'anar "computer" ta 1913, na ce ashe tun kafin a haifi kakana Turawa sun san da zamanta. Ta karanta, ta gyaɗa kai, ta ce in ƙara kuɗin kwalin sabulun, don ba ta gama amfani da shi ba.