Kuɗin makaranta ba shi kaɗai ba ne

Wani labari da na karanta ya ce in kamfani ya biya wa ɗan koyo kuɗin jami'a ya gama nasa. Ni dai ban yarda ba. Ɗan yayana yana karatun injiniya a Jidda, yana kuma koyon gyaran na'urar sanyaya ɗaki a wani kamfani. An biya masa kuɗin, amma daren jarrabawa maigidansa ya tura shi aiki har sha ɗaya. Ya dawo hannu duk baƙin mai, ya buɗe littafi, barci ya kwashe shi a kan tabarma. Lokaci yaran nan suke nema, da babban ma'aikaci guda da zai tsaya a kansu ya nuna musu yadda lissafin aji yake shiga cikin injin. Ga mai cewa wai neman lokacin nan shagwaɓa ce, sashe na 115 na dokar ƙwadagon Saudiyya ya ba ma'aikaci hutun jarrabawa da cikakken albashi, in da yardar maigida ya shiga karatun kuma ba maimaita shekara yake ba. Kamfani nawa ne ke faɗa wa yaro wannan haƙƙi nasa ranar da ya sa hannu a takardar aiki?