Matsafi ya mamaye wasan kati, kamfani ya yi kunnen uwar shegu

Na gaji, jama'a, tura ta kai bango. Wasan katin da nake bugawa a waya an gina shi ne a kan alkawari guda: ka zaɓi jarumin da ya kwanta maka a rai, ko mayaƙi, ko maharbi, ko matsafi, ko mai warkarwa, ka haɗa ƙunshin katunanka, ka shiga fage, kowane rukuni da makaminsa, kowane da rauninsa. Kamfanin ya karya wannan alkawari tun ranar da ya saki sabbin katunansa na baya-bayan nan, kuma har yau bai ga damar gyarawa ba. Ka nemi abokin karawa, matsafi ne. Ka sake nema, matsafi. Ka hau mataki ka sauko, duk inda ka juya shi ne, da katuna iri ɗaya, da salon kisa iri ɗaya.

Ni mai warkarwa nake riƙewa tun da na fara wasan, kuma na san abin da na saya. Rukuni ne na haƙuri. Zagayen farko-farko shan duka kake yi, kana ɗinke raunukanka, kana share sojojin abokin gaba daga fage, har sai kibansa sun ƙare, sannan ka fito da manyan katunanka. Ban taɓa kuka don maharbi ya kashe ni da wuri ba. Aikinsa ke nan, kuma yana biyan farashi, domin in na jure guguwarsa hannunsa zai bushe, ya zauna ba kati yana kallona. Mayaƙi ma haka, yana tara sulke yana sara da makami, amma nauyin jiki gare shi, mai dabara yana iya zagaye shi. Kowannensu akwai ƙofar da ake shigar masa.

To ku faɗa mini ƙofar matsafi a yanzu. Da can an san shi da tsafi mai ƙarfi amma mai tsada. In ya kashe kuzarinsa, wato abin da ake biya a cikin wasa don a buga kati, wajen ƙone sojojinka, ba abin da ya rage masa na kai hari. Yanzu an ba shi katin da ke jawo masa katuna, an ba shi wanda ke rage wa tsafinsa tsada, an bar masa daskarar da fage da yake da ita tun asali, sannan an ɗora masa wutar da yake harbawa kai tsaye daga hannu zuwa fuskarka. Abu huɗu a hannun mutum ɗaya! Yana kare kansa, hannunsa ba ya bushewa, kuma ranar kisa ba ya buƙatar ko soja ɗaya a fage. Ga inda abin ya fi ci mini rai: warkarwa tana da iyaka. Ba zan iya warkar da kaina in wuce cikakkiyar lafiyata ba, alhali mayaƙi yana iya tara sulke a kan tasa. Idan matsafi zai iya haɗa dukan da ya kai lafiyata gaba ɗaya a zagaye guda, to duk katin warkarwar da ke hannuna ya zama banza. Ina zaune da cikakkiyar lafiya, fage nawa ne, ban yi sakaci ko ɗaya ba, sai in kalli katuna suna ta tashi daga hannunsa har wasa ya ƙare. An ƙwace mini damar yin komai, kuma wannan shi ne abin da ba zan yafe ba.

Mun yi magana, mun rubuta musu. Amsar da ake maimaita mana ita ce alƙaluma sun nuna kowane rukuni yana cin kusan rabin wasanninsa, don haka babu matsala. Wannan rainin wayo ne, kuma duk wanda ya iya lissafi zai gane. A ce rukuni yana cin wasa 80 cikin 100 idan ya haɗu da mai warkarwa, yana kuma faɗuwa 80 cikin 100 idan ya haɗu da maharbi. Haɗa su ka raba, 50 za ka samu. A takarda komai lafiya. A fage kuwa, an yanke hukunci tun lokacin da hoton abokin karawarka ya bayyana, kafin ka taɓa kati ɗaya. Wane irin wasan dabara ne wannan, da za a san mai nasara tun daga sallama?

Akwai ƙari. Idan rukuni ɗaya ya cika fage, yawancin wasanninsa da ɗan'uwansa yake yi, kuma duk karawar matsafi da matsafi ɗaya zai ci ɗaya zai faɗi, wato rabi da rabi dole. Sannan sababbin shiga da waɗanda ba su ƙware ba duk can suke turuwa don sun ji shi ke ci, suna ta tafka kurakurai suna jawo alƙalumansa ƙasa. Su wa suka rage a kan mai warkarwa? Tsofaffin hannu, masu taurin kai irina, waɗanda suka san kowane kati kamar yunwar cikinsu. Mu muke ɗaga alƙaluman mai warkarwa da gumin goshinmu, sai kamfani ya ɗauki wahalarmu ya mayar da ita hujjar cewa rukunin lafiyarsa ƙalau. Masu ƙera wasan sun fi ni sanin wannan. Suna da bayanan kowace karawa, rukuni da rukuni, mataki da mataki. In suna da gaskiya su fito da su mu gani.

Sai kuma 'yan "kai ma ka koma matsafi mana". Malam, da me? Katunan rukuni a kulle suke ga rukuninsu. Abin da na tara wa mai warkarwa tsawon lokaci ba zai shiga ƙunshin matsafi ba. In na narkar da su don in ƙera wasu, asara ce tsagwaronta. Dubi Hearthstone, wanda irin waɗannan wasanni da yawa suka kwaikwayi tsarinsa: ƙera kati mafi daraja yana cin ƙura 1600 (ƙura ita ce abin da ake samu in an narkar da kati), amma in ka narkar da shi 400 kawai za a ba ka. Sai ka ƙone huɗu kafin ka samu ɗaya. Namu wasan ma bai yi nisa da haka ba. To gaba kura baya sayaki: ko in rushe abin da na gina, ko in sa hannu a aljihu in sayi fakitin sababbin katuna. Kuma ni dai ba na shakka a nan gizo ke saƙa. Rukunin da aka cika wa ƙarfi shi ne wanda manyan katunansa ke cikin fakitin da ake talla yanzu. Kowace rana da aka jinkirta gyara, wani ya gaji da shan kashi ya biya. Ba wanda zai gamsar da ni cewa wannan jinkiri kuskure ne.

Kada kuma a ce mana gyara yana buƙatar watanni. Hearthstone ya fito a 2014 da rukuni tara, ya zauna a haka har Afrilun 2020 da aka ƙara na goma, Demon Hunter, wanda baiwar jaruminsa, wato ikon da jarumi ke amfani da shi ba tare da kati ba, ke cin kuzari 1 alhali ta sauran tana cin 2. Ya shigo ya tattake kowa. Washegarin fitowar sababbin katunan aka rage wa katunansa huɗu ƙarfi, ciki har da Skull of Gul'dan da aka ɗaga tsadarsa daga 5 zuwa 6, kuma an ci gaba da datse shi a makonnin da suka biyo. Kwana ɗaya, jama'a. Kuma al'adar wasan ce idan aka rage wa kati ƙarfi, a ba mai shi damar narkar da shi a cikakken farashinsa na ɗan lokaci. Ko Magic: The Gathering, da Richard Garfield ya ƙirƙira aka fitar a 1993, wanda katunansa na takarda ne ba a iya sauya rubutunsu bayan an buga, yana da hanyarsa. Katin Oko ya fito a Oktoban 2019 ya mamaye gasa, kafin Nuwamba ta ƙare an haramta shi a Standard, tsarin gasar da ake bugawa da katunan baya-bayan nan. Masu takarda sun iya cikin makonni, mu da namu lamba ce kawai za a sauya a kwamfuta, an bar mu muna jira.

Magic ɗin nan ma yana da darasin da masu wasanmu suka watsar. Launukansa biyar an raba musu aiki tare da hani. Ja yana da wuta da sauri amma numfashinsa gajere ne. Shuɗi yana soke tsafi yana jawo kati amma ba shi da saurin cika fage. Kore yana da manyan halittu amma ba a cika ba shi katin kashe soja kai tsaye ba. Abin da aka hana launi shi ke sa mai riƙe da shi ya yi tunani, shi ke ba abokin karawarsa wurin kamawa. Matsafinmu ba abin da aka hana shi.

Wani abin takaicin shi ne a manyan gasanni na irin waɗannan wasanni, ɗan wasa yakan zo da rukuni da dama, kuma ana ba shi damar hana abokin karawarsa amfani da ɗaya. Ƙwararru ke nan, an ba su garkuwa. Mu da muke hawa matakai kullum, mu da muke riƙe da wasan, ba mu da wannan dama. Duk wanda na'ura ta jefo mana sai mu karɓa.

Abin da nake nema ba shi da yawa, kuma ban ce a kashe matsafi ba, masu sonsa ma suna da haƙƙi. A ɗaga tsadar katin da ke rage wa tsafi kuɗi, ko a sa masa ƙasan da ba zai wuce ba, don kada tsafi ya koma kyauta. A mayar wa waɗanda suka ƙera shi ƙurarsu cikakkiya, har da ta katunan da ba su da amfani sai tare da shi, domin su ma talla aka yi musu suka saya. A riƙa wallafa sakamakon karawar kowane rukuni da kowane rukuni, a ware na manyan matakai daban da na ƙanana. A kuma faɗa mana ranar da za a duba daidaito bayan kowace fitowar katuna, rana takamaimai da za mu riƙe su da ita. Kafin a yi wannan, ba zan sake sayen fakiti ko ɗaya ba, kuma duk wanda ya tambaye ni ko ya fara wasan da mai warkarwa, zan gaya masa gaskiya ya dakata.