Rhiannon Giddens, matar da ta nemo wa banjo danginsa

Duk wanda ya saurari waƙar nan ta Beyoncé mai suna Texas Hold 'Em, wadda ta game duniya a 2024, ya ji wani kiɗan tsirkiya da ke buɗe ta. Banjo ne, kuma mai kaɗa shi sunanta Rhiannon Giddens. Mutane da yawa a nan suka fara jin sunanta, alhali a lokacin ta kusa shekara 20 tana wannan aiki. Ni dai a ganina, cikin mawaƙan gargajiya na Amurka da ke raye yau, babu wanda aikinsa ya kai nata nauyi. Allah Ya ba ta murya, amma ba muryar ce ta sa na faɗi haka ba.

An haife ta a 1977 a garin Greensboro da ke jihar Karolina ta Arewa, mahaifinta farar fata, mahaifiyarta baƙar fata. Waƙar opera ta Turawa ta karanta a makarantar kiɗa ta Oberlin, ta gama a 2000. Da ta bi wannan hanya, da ta ci abincinta lafiya lau. Sai ta karkata ga banjo, kayan kiɗan da kusan kowa a Amurka ke ɗauka na fararen ƙauyawan kan tudu ne. Ita ma haka ta taso tana zato.

Ashe ba haka ba ne. Bayin da aka kwasa daga Afirka ta Yamma su suka ƙirƙiro banjo a tsibiran Karibiyan, da duma da fata da sanda da tsirkiya, bisa abin da suka sani a gida. Masu bincike sun fi danganta shi da akontin na ƙabilar Jola ta Senegal da Gambiya, kuma duk Bahaushen da ya ga hoton banjo na farko zai tuna da gurmi ko molo. Ba ina cewa daga gurminmu ya fito ba, amma dangi ɗaya ne. Daga shekarun 1830 sai fararen 'yan wasa suka riƙa shafa baƙi a fuska suna kaɗa shi don yi wa baƙar fata ba'a. A shekarun 1920 kuma kamfanonin faifai suka raba kasuwa gida biyu, kiɗan baƙaƙe daban, na fararen ƙauye daban, banjo ya faɗa ɓangaren farare. Jikokin masu abin suka guje shi, don ya zame musu tambarin wulaƙanci.

A 2005 aka yi taron baƙaƙen fata masu kaɗa banjo a garin Boone, a jihar Karolina ta Arewa. A can Rhiannon ta haɗu da wasu makaɗa biyu, Dom Flemons da Justin Robinson, kuma wannan haɗuwa ce ta kai su ƙofar wani dattijo mai goge, Joe Thompson, a garin Mebane. Ya haura shekara 85, kuma yana cikin na ƙarshe da suka rage riƙe da wannan kiɗa na baƙar fata yadda suka gada a gida. Duk daren Alhamis sai su je gidansa. Babu littafi, babu takarda. Tsoho ya ja goge, ita ta bi shi da banjo, in an kuskure a sake, kamar dai almajiri a gaban malaminsa yana biya karatu. Mace mai takardar shaidar babbar makaranta ta ajiye takardar a gefe ta zauna ta koya da kunne. Wannan zaman shi ne abin da ya fi burge ni a duk tarihinta, fiye da kowace lambar yabo. Ƙungiyar da suka kafa, Carolina Chocolate Drops, ta ci kyautar Grammy a 2011, dattijon yana raye ya gani. Ya rasu a 2012. Da sun yi jinkirin 'yan shekaru kaɗan, da kiɗan gidansu ya bi shi kabari.

Abin ya taɓa ni ne domin mu ma muna da irin wannan. Ɗan Maraya Jos ya rasu a 2015. Faifansa na nan, amma matasa nawa ne suka zauna gabansa suka koyi yadda yatsa ke fitar da magana daga tsirkiya ɗaya ta kuntigi? Faifai yana adana sauti, ba ya gyara wa yaro hannu.

Da ta fara fitar da faifai ita kaɗai daga 2015, sai ta shiga tono tarihin bauta tana mai da shi waƙa. Akwai wadda ta rubuta bayan ta ga wani tsohon tallan jarida: ana sayar da baiwa 'yar shekara 22, tana da jariri ɗan wata 9, kuma mai saye ke da zaɓi, ya haɗa da jaririn ko ya bar shi. A layi ɗaya aka rubuta wannan, kamar ba komai ba. Rhiannon, wadda ita ma uwa ce, ta shiga bakin wannan yarinya ta yi magana a madadinta. Banjon da take kaɗa irin waɗannan waƙoƙi da shi kwaikwayon na 1858 ne, mai kaurin amo, ba mai ƙarar ƙarfe irin na yanzu ba. Wasu na cewa ta cika wa'azi, waƙarta ta zama darasin tarihi. Ban yarda ba. Mawaƙin da ya san asalin mutane ya kuma faɗa, aikinsa yake yi, kuma mu da muka taso da makaɗan fada ba ma bukatar a yi mana bayanin wannan.

Sai babban aikinta, wanda ya kamata kowane Musulmin Afirka ta Yamma ya sani. Umaru ɗan Sa'idu Bafulatani ne daga Futa Toro, an haife shi wajen 1770, ya yi shekara 25 yana neman ilimi. A 1807 aka kama shi a yaƙi aka kai shi birnin Charleston na Amurka aka sayar. Ya gudu daga hannun mugun ubangida, aka kama shi a garin Fayetteville na jihar Karolina ta Arewa aka kulle, ya riƙa rubutun Larabci a bangon kurkuku har mutanen gari suka zo kallo. A 1831 ya rubuta tarihin rayuwarsa da Larabci, ya buɗe shi da Suratul Mulk. Ku duba wannan da kyau: mutumin da doka ta ce mallakin wani ne, aka ce ya rubuta labarinsa, sai ya fara da surar da ke cewa mulki a hannun Allah yake. Iyayengijinsa sun ce ya koma Kirista, masana kuma har yau suna muhawara a kai. Ya rasu yana bawa, ya haura shekara 90, gab da soke bauta a 1865.

Rhiannon a jihar da ya rayu ta girma, amma ba a taɓa koya mata sunansa a makaranta ba. Ita da wani mai tsara kiɗa, Michael Abels, suka mai da labarinsa opera mai suna Omar, aka fara nuna shi a 2022 a Charleston, garin da aka sayar da shi, kuma ya ci babbar kyautar nan ta Amurka, Pulitzer, a 2023. Na san akwai waɗanda ba za su ji daɗin a haɗa sunan malami da kiɗa ba, kuma ina girmama wannan damuwa. Sai dai mu da muke 'yan'uwansa na addini da na yanki ba mu ɗauko labarinsa ba, mawaƙiya ce ta ɗauko, kuma ta ɗauko shi da mutunci, a matsayin masani mai alƙalami.

Rubutun nasa na hannu yana Babban Ɗakin Karatu na Majalisar Amurka, kuma tun 2019 suka ɗora shi a intanet kyauta. Gajere ne, kuma hannun rubutun irin na yankinmu ne. Wanda ya yi karatun allo zai gane ayoyin farko ba tare da tafinta ba. Ku nemo shi ku karanta, ku nuna wa malamanku.