Ba Mutanen Birni Ne Suka Hana Yaranmu Hawa Lilo Ba

Don Allah a daina cewa mutanen birni ne suka wulaƙanta yaranmu. Tun shekaranjiya wannan magana take yawo a guruf ɗin gari, yau kuma na ga an kawo ta Facebook har da hoton yaran a tsugunne jikin katanga, an rubuta wai an hana su wasa don 'yan ƙauye ne. Ba haka aka yi ba, kuma waɗanda suka rubuta sun fi kowa sanin ba haka aka yi ba. Motar da za ta kai yaran makarantar garin nan wurin wasan yara a Kano washegarin Sallah, wadda aka ce za ta tashi bayan sallar asuba, ba ta bar ƙofar makaranta ba sai wajen ƙarfe 11. Layin da yaran suka sha, da yunwar, da kukan, duk daga ƙofar makarantar nan suka taso, ba daga Kano ba.

'Yar ƙanwata tana cikin tafiyar. Tun azumi yana goman farko take ƙirga kwanaki. Uwarta kaji ta kai kasuwa ta haɗa mata kuɗin karo-karon. Yarinyar nan ta dawo gida bayan isha'i, lilo ɗaya tak ta hau, cikinta ba komai sai biskit da fiya wata mai ɗumi. Da aka tambaye ta ya birni, sai ta ce birni layi ne. Shekarunta tara. Wannan amsar ce ta hana ni yin shiru, domin na so in bar maganar saboda girman waɗanda abin ya shafa.

Me ya tsayar da mota har ƙarfe 11? Ba a kama ta ba sai da safiyar ranar. Washegarin Sallah fa, ranar da kowane direba yake da lodi tun kafin ya wanke ido. Aka tafi tasha ana ciniki, yara suna zaune a rana da sababbin kaya. Wasu iyayen ma a ranar suka kawo kuɗinsu. Da aka samu motar sai ga shi ba mai a cikinta. Daga nan bayan Gaya zuwa Kano tafiya ce da ba ta kai awa biyu ba in hanya a buɗe take, amma wanda ya taɓa bin gadar Wudil da hantsi a ranakun Sallah, ya shiga ta Mariri da Hotoro, ya san awa biyun nan ta mai sammako ce. Sun isa bayan azahar. Aka nemi ruwan alwala, aka yi sallah, aka shiga layin tikiti. Kafin yaro na farko ya taka cikin wurin, rana ta riga ta karya. Hausawa sun gama magana tun tuni: ba a fafe gora ranar tafiya.

Layi lissafi ne, jama'a. Ba son kai a cikinsa, kuma bai san ɗan wane gari ne kai ba. A ce lilo yana ɗaukar yara 20, kowane juyi har da hawa da sauka yana cin minti 5. A awa guda yara 240 zai sallama, ko sarki ne ya zo ba zai ƙara ba. In ka tarar da mutum 400 a gabanka, tsayuwar awa ɗaya da minti 40 ta kama ka. In ka zo ana buɗe ƙofa ka tarar da mutum 30, a juyi na biyu kana sama. Lilon ɗaya ne, kuɗin tikitin ɗaya ne, abin da ya raba ku shi ne lokacin da kowa ya baro gidansa. Yaron da ya shiga da farar safiya zai iya zaga lilo da jirgin ƙasa da 'yan motocin nan masu karo da juna kafin wanda ya zo da azahar ya kai tsakiyar layinsa na farko. Injin ba ya ƙara gudu don mutane sun ƙaru, in ma ba a yi sa'a ba janareta ya yi zafi a tsayar da shi ya huce, layin kuma yana ta tsawo.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne mu ne ya kamata mu fi kowa sanin wannan. Wace mata ce a garin nan ba ta san cewa in ka kai jarka tuƙa-tuƙa da asuba za ka cika ka dawo kafin kunu ya huce ba, in kuwa ka bari rana ta fito sai ka ajiye jarkarka a bayan jarkoki talatin? Ba wadda ta taɓa cewa famfo ya wulaƙanta ta. To don me in an shiga mota za a tafi birni sai wannan ilimin ya zauna a gida?

Wani ya rubuta min cewa a ƙasashen da suka ci gaba ba a wannan wahalar. Ana yi, Malam, har ta fi tamu. Ɗaya daga cikin wuraren wasan da suka fi suna a duniya, Disneyland na jihar Kalifoniya a Amurka, ranar 17 ga Yuli, 1955 aka buɗe shi. Ranar ta waɗanda aka gayyata ce kawai, amma aka buga jabun tikiti, mutane kusan 28,000 suka cika wurin. Abinci da abin sha suka ƙare. Famfunan shan ruwa ba su kawo ba saboda yajin aikin masu gyaran famfo. Sabuwar kwaltar da aka zuba ta yi laushi don zafi har tsinin takalman mata yana nutsewa a ciki. Masu wurin da kansu cunkoso ya kayar a ranar farko, kuma ba ɗan Gaya ko ɗaya a cikin taron.

Abin da ya kamata mu ɗauka shi ne yadda masu zuwa irin waɗannan wurare suka koma yi. A Disney World na jihar Fulorida, wanda aka buɗe a 1971, wanda yake son zama a gidan abinci mai tebur tun saura kwana 60 yake kama gurbi. Kwana 60, don cin abincin rana ɗaya. A 1999 kamfanin ya fito da tsarin da ake kira FastPass: ka karɓi 'yar takarda mai ɗauke da lokacin da za ka dawo, ka tafi wani wasan maimakon ka tsaya. Yanzu sun mayar da shi na kuɗi da sunan Lightning Lane, wanda ya sauka a otal ɗinsu yana zaɓar lokutansa tun saura kwana 7, sauran mutane tun saura kwana 3. Abincin tafi-da-gidanka ma ta waya ake oda, ka je ka karɓa in lokacinka ya yi. Ni ban yarda da tsarin da mai kuɗi zai biya ya wuce ɗan talaka a layi ba, kuma ba na fatan ya zo mana nan. Amma dabarar da gogaggun wurin suka fi dogara da ita kyauta ce: suna tsaye a ƙofa tun kafin a buɗe, ana buɗewa su nufi wasan da ya fi farin jini, su bar ƙananan sai rana ta yi. Kuma wurin yana barin mutum ya shiga da abincinsa na gida, in dai ba a cikin kwalba ba.

Na san za a ce ai su suna da kuɗi da intanet. Wane kuɗi ake biya a tashi da asuba? Wace data ake buƙata a kama mota tun ana saura mako, a ba direba kafin alƙalami, a ce ya sha mai tun dare ya kwana a ƙofar makaranta? Muna da 'yan garin nan birjik a Kano, masu shago, masu Adaidaita, ɗalibai. Mutum ɗaya za a roƙa ya leƙa wurin kafin Sallah ya tambayo ƙarfe nawa ake buɗewa, nawa ne tikiti, ana rage wa makarantu ko ba a ragewa, ana shiga da abinci ko ba a shiga. Ba a yi ba. An kwashi yara kusan 50 an nufi wurin da ba wanda ya san ko lokacin buɗe shi.

Maganar abinci ita ce ta fi ba ni takaici, domin a nan ne ba wani uzuri ko kaɗan. An ce wa iyaye kada su wahalar da kansu, za a saya wa yara abinci a can. A can ina? Mai sayar da abinci a irin wurin nan tukunya ce da ita, ba rumbu ba. Abin da ta dafa da safe shi za ta sayar, kuma kowa tsakanin ƙarfe 1 da 3 yunwa take kama shi, don haka layin abinci a lokacin nan ya fi na lilo. Wanda ya zo da yara 50 a wannan lokaci ko da kuɗi a hannunsa ba zai samu faranti 50 ba. Ga shi kuɗin ma a waya suke, an tsaya tiransifa ta ƙi tafiya, abin da kowa ya san yana faruwa duk inda mutane suka yi yawa. Nan ma wata rabin awar ta tafi ana neman mai POS.

Washegarin Sallah ne fa. Wane gida ne a garin nan babu cincin? Da an ce wa kowace uwa ta ƙulla wa ɗanta ɗan abin da ba ya lalacewa da wuri, gurasa da ƙuli, dambu, dafaffen ƙwai, a daskarar da zoɓo a zuba a kula biyu, da ba yaron da zai yi kukan yunwa. In wurin ba ya barin shiga da abinci, a ci a cikin mota kafin a shiga, a bar saura na hanyar dawowa. In ma saye za a yi, a ci tun wajen ƙarfe 11 lokacin da tukwane suke cike ba kowa a gaba, sai a koma wasa lokacin da sauran jama'a suka tafi layin shinkafa. Sannan ruwa. A watannin bazara zafin Kano yana kai maki 40. Yaro ɗan shekara bakwai a tsaye kan siminti awa biyu ba ruwa, wannan ba rashin jin daɗi ba ne kawai, ganganci ne da lafiyarsa. Allah ne ya tsare ba wanda ya faɗi.

Ba na wanke masu wurin. Taga ɗaya ta sayar da tikiti a ranar Sallah ta yi kaɗan, kuma ya kamata a yi rumfa a kan layi. Amma da wannan tagar ɗaya wasu makarantun suka shiga, suka yi wasansu, suka fito kafin la'asar. Cika da Sallah kuma ba sabon abu ba ne a Kano. Tun da aka buɗe gidan zu a zamanin Gwamna Audu Bako, a farkon shekarun 1970, iyayenmu suke ba da labarin turereniyar Sallah a ƙofarsa. Abin da aka sani shekara hamsin ba ya zama ba-zata.

Masu cewa haka Allah ya ƙaddara, na yarda da ƙaddara kamar yadda kuka yarda. Amma Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya roƙa wa al'ummarsa albarka a cikin sammakonta, kuma malaman da suka jagoranci tafiyar nan su suka karantar da mu hadisin. Masu cewa 'yan mata ne suka ɓata lokaci wajen kwalliya, ku ji tsoron Allah. Yaran nan tun duku-duku suke ƙofar makaranta, wasu ko karyawa ba su tsaya yi ba don tsoron kada mota ta tafi ta bar su. Su sun yi sammako. Manya ne ba su yi ba.

Kuma wa ya ce dole sai washegarin Sallah? A bari a kwana bakwai, a zaɓi Talata ko Laraba, wurin da kuka ga ba masaka tsinke za ku tarar da shi fayau, mota ma ta fi araha. Kayan Sallah ba sa tsufa a mako guda.

Baba shugaban kwamitin shirya tafiyar, ina ganin girmanku, na kuma san ba ko sisi da kuka ci a wannan aiki, don Allah kuke yi. Shi ya sa nake roƙonku da ku sa a sauke wancan rubutun na Facebook. In muka koya wa yaran nan cewa an ƙi su ne don daga ƙauye suka fito, za su girma suna jin tsoron birni suna jin haushinsa, kuma baɗi za mu sake tashi ƙarfe 11. A tara iyaye a faɗa musu mota ce ta makara da dalilin makararta. A rufe karɓar kuɗi tun saura kwana goma. A raba yara goma-goma, kowane rukuni da babba ɗaya riƙe da tikitinsu da ruwansu. Ni na ɗauki nauyin zuwa in tambayo komai kafin tafiya ta gaba, a rubuta sunana.

Wani abin kuma da nake ta tunani tun jiya: me ya sa sai yaro ya yi tafiyar awa biyu kafin ya ga lilo? Muna yara, da Sallah akwai masu kafa shillo na katako a bakin kasuwa, a biya 'yan kwabbai a hau har magariba. Ban san ranar da aka daina ba, kawai dai babu shi yanzu. Ga filin firamare nan a buɗe, awaki ne kawai suke kiwo a ciki. Muna da masu walda a bakin titi da suke ƙera ƙofofi da gadaje masu kyau, lilo mai kujera huɗu da abin sulu ba za su gagare su ba. Ƙungiyar matasa ta iya tara kuɗin rigunan ƙwallo cikin mako biyu, don haka kada a ce min ba hali. Wanda yake da ɗan'uwa a kasuwar Ƙofar Ruwa ya tambayo mana farashin bututun ƙarfe mai kauri da sarƙa, mu san daga inda za mu fara.