Ba Jirgin Dakon Kaya Kaɗai Ke Ɗaukar Kaya Ba

Akwai wata magana da nake yawan ji, kuma tana damuna: wai a babban filin jirgin sama harkar fasinja daban, harkar kaya daban, hajar 'yan kasuwa kuwa sai jirgin dakon kaya. Mai wannan tunani yana da uzuri. Fasinja ba ya ganin komai sai akwatinsa da aka auna, ɓangaren kaya kuma yana can nesa da zauren jiran jirgi.

Amma ba haka abin yake ba. Kafin 2020, kusan rabin kayan da ake jigila ta sama a duniya a jiragen fasinja suke tafiya. Ƙarƙashin kujeru akwai makeken wuri wanda akwatunan matafiya ba sa cika shi, sauran kuwa kamfani sayar da shi yake yi. Kana zaune kana kurɓar shayi, a ƙarƙashin ƙafarka ga kwalayen magani, ga wasiƙu, ga furannin da aka yanko jiya.

Dalili shi ne jirgin fasinja yana tashi kullum, yana kuma zuwa biranen da kayansu ba za su cika jirgin dako ba. Shi ya sa filaye irin na Dubai da Doha suke haɗa harkokin biyu.

Da korona ta tsayar da tafiye-tafiye a 2020, kuɗin aika kaya ya yi tashin gwauron zabi, har wasu kamfanoni suka cire kujeru suka loda kwalayen takunkumin fuska a gurbinsu.