Harin Bengazi da maganar gwamnatin Amurka

Rahotonku ya ambaci harin Bengazi na 11 ga Satumba 2012, inda aka kashe jakadan Amurka a Libiya, Christopher Stevens, da wasu Amurkawa uku. Abin da ya fi damuna shi ne yadda Susan Rice, jakadiyar Amurka a Majalisar Ɗinkin Duniya a lokacin, ta fito a talabijin bayan kwana biyar ta danganta lamarin da zanga-zangar fim ɗin ɓatanci ga Annabi (SAW), alhali kwamitin binciken da tsohon jakadan Amurka Thomas Pickering ya jagoranta ya tabbatar a watan Disamba cewa babu wata zanga-zanga kafin harin, kuma tsaron ofishin diflomasiyyar Amurka da aka kai wa harin ya yi matuƙar rauni. An dakatar da jami'ai huɗu na ma'aikatar harkokin wajen Amurka, amma a 2013 aka maido da su aiki, aka sauya musu muƙamai kawai.